Ram Biyu, Gida Biyu

Direba ya sake hawa matakalar kasuwar kayan lantarki rungume da akwatin kwamfuta a ƙirji, yana haki, gwiwarsa ta hagu tana ƙara kamar ƙofar bas ɗinsa. Tun sassafe yake kan sitiyari, ko ruwa bai watsa ba ya suri akwatin ya fito. Kuma ba ƙaramin nauyi gare shi ba. Baƙin ƙarfe ne mai gefen gilas, irin kwamfutocin wasan nan da kamfani ke haɗawa ya rufe, kai dai ka kai gida ka jona wuta.

Shagon mai gyara yana can ƙarshen layi, ɗan mitsitsi, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Mutumin ya ɗaga tabarau ya dube shi.

"Kai ne kuma? Me ta yi yau?"

"Ai da ta yi wani abu da sauƙi," in ji Direba, ya dire akwatin a kan tebur. "Fanka na juyawa, fitilu na walwali, sikirin kuwa baƙi ƙirin."

Wanda bai san zancen ba zai ce mutumin nan ya zautu, da furfura a gemu yana yawo da kayan wasan yara. Yayarsa, wadda yake zaune a ɗakin baya na gidanta, ta sha faɗa masa haka. Takan ce, "Mutum ya yi mako yana tuƙin gaske, ranar hutu kuma ya zauna yana tuƙin ƙarya! Allah ya shirye ka." Shi dai sai ya yi murmushi ya ja ƙofa, don ya san abin da ya sani.

Shekarun baya aurensa ya mutu. Ba a yi faɗa ba, ba a yi zage-zage ba, gajiya ce kawai ta raba su. Uwar 'yarsa ta koma wani gari mai nisan yini guda a mota, ta tafi da yarinyar. Kwandasta yake kiranta tun tana ƙarama, saboda in ya ɗauke ta a bas takan zauna a kujerar gaba tana ƙwala wa fasinjoji sunayen tashoshi. To, da zumuncinsu ya koma waya, sai ya gano wani abu da ya tsaya masa a rai: yarinyar nan ba ta iya hira a waya ba. Ya makaranta? Lafiya. Ya Mama? Lafiya. Ba labari? Babu. Sai shiru, yana jin numfashinta, ita ma tana jin nasa, har ɗayansu ya gaji ya ce sai an jima.

Wata rana ta ambaci wani wasa da ƙawayenta ke yi. Mutum biyu ke shiga babbar motar kaya su ratsa duwatsu da koguna, ɗaya na tuƙi, ɗaya na duba taswira yana gyara gada in ta karye. Direba bai yi shawara da kowa ba. Ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi kwamfuta biyu iri ɗaya sak, ɗaya ya aika mata, ɗaya ya ajiye a ɗakinsa. Kuma abin mamaki, da zarar hannun yarinyar ya kama aiki, sai bakinta ya buɗe. A cikin motar ƙaryar nan ya ji labarin malamar lissafi mai tsangwamarta, da ƙawar da ta tona mata asiri, da haƙorin da ke damunta ta ƙi gaya wa uwarta. "Baba, yi dama, akwai rami. Wai ka san abin da ta ce min a gaban aji?" Haka ake yi duk Asabar da yamma. Wannan 'yar hirar ita ce duk abin da ya rage masa na 'yarsa.

Sai waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka sabunta shi, suka rufe tsohon. Sabon ya ce shi sai kwamfuta mai ram giga goma sha biyu. Ram ɗin nan wata 'yar siririyar sanda ce mai jerin haƙoran zinare a gindi, a kanta kwamfuta ke riƙe aikin da take yi. Nasu kuwa, kowacce sanda ɗaya ce a cikinta, mai giga huɗu. Direba ya ɗauka abu ne kamar canja batir. Ya sayi wata a gefen titi, ramin ya ƙi karɓarta, tsagar da ke gindinta ba ta dace ba. Ya mayar ya karɓo wata, wannan ta shiga lafiya lau, amma ita ce ta jawo baƙin sikirin da ya kawo shi yau.

Mai gyara ya kwance gefen gilas ɗin, ya zare sandar, ya juya ta a haske, ya yi tsaki.

"Lafiyarta ƙalau. Kwamfutarka ce ba ta son ta."

"Kamar yaya ba ta son ta? Mutum ce?"

"Da mutum ce ai da an lallashe ta. Ka ga wannan babban faifan da komai ke manne a jikinsa? Bod ke nan. Na kamfani ne, kuma sun kulle shi. Ba kowane ram yake karɓa ba, ba su kuma bar maka wurin da za ka daidaita masa gudu ba. Wanda ya haɗa tasa da hannunsa yana da wannan damar. Kai an haɗa maka, an riƙe makullin."

Ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana nishi, ya daɗe yana bincike a cikin wani kwali, ya fito da wata 'yar roba mai ƙura. Sanda biyu ne a ciki kwance gefe da gefe, kowacce giga takwas. Ya ce an daina kawo irinsu, waɗannan ma mantawa ya yi da su. Ya cire tsohuwar ta kamfani, ya danna sababbin biyu, ƙas, ƙas, ya kunna. Sikirin ya kawo haske. Direba ya ce alhamdulillahi.

"Sha shida ke nan, har da rara," in ji mai gyara, ya sa masa tsohuwar a leda. "Ka ce wa yaronka ya yi wasansa, ya bar wahalar da tsoho."

Direba bai gyara masa zancen ba. Kunya ta hana shi ya ce tasa ce, balle ya ce akwai wata irinta a wani gari.

A hanyar gida, akwatin na kan cinyarsa, lissafi ya faɗo masa. Takwas da huɗu, sha biyu. Can ma takwas da huɗu, sha biyu. Daidai abin da wasan ya nema, ba ragi ba ƙari! Har dariya ya yi shi kaɗai, na kusa da shi ya matsa gefe. Shi dama haka suka saba da Kwandasta. Lemu ɗaya in ya saya, a raba. Biskit, a karya. Ko sauran ruwan gora ne, sai ya ɗaga ya auna da ido ya ce rabi naki, rabi nawa. Bai taɓa cin abu shi kaɗai ba in tana wurin, kuma bai ga dalilin da zai sa ya fara da ram ba.

Da isarsa ya zare ɗaya daga cikin sababbin, ya mayar da tsohuwar a gurbinta. Ya kunna, ta kawo. Washegari ya naɗe ɗayar a safa mai tsabta, ya ba wani abokin aikinsa da ke tuƙin doguwar hanya. Da ta isa, ya kira yarinyar ta bidiyo yana nuna mata yadda za ta sa.

"A hankali! Duba tsagar tukuna. Kar ki taɓa haƙoran."

"Baba, kai ne hannunka ke rawa, ba ni ba."

Ya ji ƙas ta cikin waya. Tata ma ta kawo.

Asabar ta zo. Suka shiga sabuwar ƙasar, ga wasu tsaunuka jajaye, ga kogi mai faɗi. Sun kama hanya ke nan, motar ta ɗauki gudu, sai ta ce, "Baba, akwai wata magana da Mama ta ce..." Ɗif. Muryar ta ɗauke, kujerarta a cikin motar ta zama wayam. Can ta kira a waya ta ce sikirin ɗinta ya koma shuɗi, kwamfutar ta mutu ta taso da kanta. Suka sake shiga. Ba su kai gadar farko ba, tasa ta daskare, motar ta tsaya cak a tsakiyar hanya, wani kuka mai ban haushi na fita ta abin kunne. Da ya dawo ya ce, "Me Mama ta ce?" Ta ce, "Ba komai. Na manta."

Ba ta manta ba. Ya san muryar 'yarsa.

Haka Asabar ta bi Asabar. In tata ba ta mutu ba, tasa ta mutu. Wani lokacin su ɗan yi nisa har ya fara sa rai, yarinyar ta fara sakin jiki, ta ɗauko zancen ta wani gefe, sai ɗif. Ya goge haƙoran sandunan da tsumma. Ya sauya musu rami. Ya buɗe gefen gilas ya kafa fankar ɗaki tana hura ciki, wai ko zafi ne. Yayarsa ta leƙo ta ga kan gadonsa cike da sukurori, ta ce, "Kai ko majinyaci kake jinya ai sai haka." Ya ci gaba da kwance-kwancensa. Bayansa na ciwo, idanunsa na yaji, kuma a wurin aiki ya fara wuce tasha bai tsaya ba har fasinjoji su yi masa ihu.

Ran nan Kwandasta ta ce, "Baba, ni fa na gaji. Ƙawayena duk sun ƙetare kogin, mu ko gadar farko ba mu wuce ba." Asabar ta gaba ta turo saƙo ta ce tana da aikin makaranta. Ya kira ta a waya. Ya makaranta? Lafiya. Ya Mama? Lafiya. Nan ya ga sun koma inda suka fito.

Sai ya sake rungumar akwatin ya hau matakalar. Mai gyara ya buɗe, ya leƙa, ya cire tabarau, ya sake leƙawa.

"Ina ɗayar?"

Direba ya sunkuyar da kai ya faɗi komai: kwamfuta biyu, gari biyu, takwas da huɗu. Mai gyara ya mayar da tabaransa. Bai yi dariya ba, ya dai ja kujerar roba da ƙafa ya ce ya zauna.

"Lissafinka daidai ne, bawan Allah. Ram ɗin ne ba ya bin lissafi. Waɗannan biyun tare aka yi su, tare aka gwada su, shi ya sa aka sa su a roba ɗaya. Tsohuwar ta kamfani kuma tafiyarta daban. In ka haɗa su, za su tashi tare, amma da aiki ya yi nauyi sai ɗaya ta riga ɗaya, komai ya watse. Kamar ka sa wa motarka taya babba a hagu, ƙarama a dama."

"To a daidaita su mana."

"Ai shi ne na ce maka an kulle."

Duk da haka ya gwada, Allah ya saka masa. Ya sabunta abin da zai sabuntu, ya juya sandunan, ya jarraba wasu da ya aro a maƙwabta. Wata ta ƙi shiga, wata ta shiga ta ba da baƙin sikirin, wata ta sa akwatin kuka ƙit-ƙit-ƙit. Direba ya ce to a canja bod ɗin gaba ɗaya. Mai gyara ya nuna masa cewa ramukan sukurorin akwatin ma ba irin na kowa ba ne, haka wayar wutar, duk kamfanin ya yi su yadda sai nasa. Ya kira dillalai a gabansa yana tambayar irin waccan robar, kowa na cewa an daina.

"Gaskiya ɗaya ce," ya ce a ƙarshe, yana goge hannu. "Sababbi su zauna tare, tsofaffi su zauna tare. Ɗaya za ta samu sha shida, ɗaya takwas. Mai takwas ba za ta yi wasan ba. Ko kuma sabuwar kwamfuta."

Sabuwar kwamfuta! Direba ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Waccan ma shekaru ya yi yana tara mata. Ya ɗauki akwatinsa ya sauko a hankali, yana dafa bango.

Bai daɗe yana tunani ba, don ba wani abin tunani a ciki. Yarinyar tana da ƙawayen da za ta yi wasa da su, shi kuwa ba wasan ne ya dame shi ba. Ya zare sabuwar sandarsa, ya naɗe a safa, ya kai wa abokin aikinsa, ya roƙe shi in zai dawo ya karɓo masa tsohuwar. Abokin ya jujjuya safar ya ce, "Wai wannan abin zinare ne, kullum yana kan hanya?" Direba ya ce, "Kai dai kai mata."

Yayarsa ce ta same shi zaune a bakin gado ya zuba wa akwatin ido. Ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, sai ta fasa. Ta ajiye masa kofin shayi a kan kujera ta fita.

Ranar Asabar ya kunna kwamfutar da tsofaffin sanduna biyu. Ta tashi lafiya, ba gardama, abin har ya ba shi haushi. Ya buɗe wasan don kawai ya gani. Ashe tana iya kai shi gareji, wato wurin da 'yan wasa ke haɗuwa kafin a kama hanya. Daga nan ne ba ta wucewa. Yana zaune yana kallon motarsu a fake, sai sunan Kwandasta ya kama haske, muryarta ta faɗo masa a kunne tangaram.

"Baba? Kana ji na?"

"Ina ji. Taki ta yi?"

"Kamar walƙiya! Kai fa?"

"Ni iyakata gareji. Je ki abinki, ki nemi ƙawayenki."

"Bari in tuƙa da kaina. Kar ka kashe, muryar ba ta yankewa."

Motar ta ɓace daga garejin, aka bar shi da fili. Amma yana jin ƙarar injin ta wajenta, yana jin tana danna madannai. Ta ce ga jajayen tsaunukan nan. Ta ce ta taka rami. Ya ce ta rage gudu kafin kwana, ba a cikin kwana ba. Ta ce ta iso gadar farko, ta hau, ta wuce, wayyo Baba, bayanta wani daji ne mai kyau! Ya lura hannunsa na kan madannai yana karkata hagu da dama, alhali ba abin da yake tuƙawa.

Can, tana tsakiyar hawan wani tudu, ta ce da muryar da take faɗin rami da kwana, "Mama za ta yi aure."

Ba wai yana sa ran komawa ba ne, wannan ya daɗe da wucewa. Amma ya ji zafi, zafi sosai.

"To, Allah ya sa alheri," ya ce. "Mutumin kirki ne?"

"Ba laifi. Ba ya yawan magana." Injin ya yi gurnani, ta sauya giya. "Da ya ga kwamfutata na ta mutuwa, ya ce zai saya min sabuwa. Tun tuni. Na ce sai na tambaye ka."

"Tun tuni?"

"Tun bayan Asabar ɗin farko. Shi ne nake ta so in gaya maka." Ta ja numfashi. "In na karɓa, sai in turo maka ram ɗin duka biyu, taka ta yi, mu ci gaba. Amma wannan kai ka saya min, irin taka ce. Na ɗauka za ka ji haushi."

Direba ya dubi akwatin da ke gefensa, fitilunsa na ta walwali. Wato duk makonnin nan da yake hawa matakala yana saukowa, yarinyar nan tana ɗauke da wannan magana ita kaɗai, tana tattalin zuciyarsa. Kuma gaskiya ta faɗa, ya ji haushin. Wani mutum da bai taɓa gani ba zai shiga shago ya yi a yini ɗaya abin da shi ya kasa, ya ajiye a ɗakin 'yarsa, ta riƙa taɓawa kullum. Kuma ta cikin kayan mutumin nan ne muryarta za ta riƙa iso masa duk Asabar. Ya so ya ce a'a. Ya so ya ce ta jira, zai san yadda zai yi. Amma ya san ba shi da yadda zai yi, kuma ya san yadda wayarsu take in ba mota.

"Baba? Ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Ki karɓa, Kwandasta. Ki kuma yi masa godiya sosai, kin ji?"

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji kaɗan. Zai wuce."

Ta yi 'yar dariya, irin mai haɗe da hawaye. Sai ta ce hanya ta rabu biyu a gabanta, ga tuƙi ga taswira, hannunta biyu ba su isa ba.

"Tsaya a gefe ki duba, ba mai korar ki," in ji shi. "In za ki aiko su kuma, ki sa su a safa ɗaya. Kar ki raba."